Littattafan da Madam Tabitha Ta Zaɓa

"Sake wannan layin," in ji Madam Tabitha. "Kin haɗiye rabinsa."

Na sake. Faransancina na 'yar aji shida ne, kuma ya yi shekara ashirin da wani abu ban taɓa shi ba, sai kalmomin suka riƙa fitowa da ƙyar. Tana kwance kan katifa a rumfar gidanta, ƙafafunta a kumbure bisa matashi, idonta a rufe. Ko ta buɗe shi ba abin da za ta gani sai hazo, ciwon suga ya gama da shi tun bara. Watan Afrilu ne, an ɗauke wuta tun safe, fanka tana tsaye.

"To, haka. Ci gaba."

Katanga ɗaya ta raba gidana da nata, a unguwarmu ta bayan tasha, nan Diffa. Ita 'yar Dogon Dutsi ce, Kirista, aikin lakkol, wato koyarwa, ya kawo ta gabas tun tana budurwa. Ta koyar a Maine-Soroa, aka dawo da ita nan, ta yi aure, ta binne mijinta, ta aje aiki, ba ta koma gida ba. Ni kuwa, Biba, daga Baroua na zo a 2015 da 'ya'ya uku da tukunya ɗaya, bayan an kashe maigidana a bakin gonarsa. Yanzu busasshen tattasai nake aunawa a kasuwa.

Wanda ya jawo mana wannan aiki Illiassou ne, tsohon ɗalibinta, da ke aiki da wata ƙungiyar agaji. Za su buɗe rumfar karatu a Assaga, inda 'yan gudun hijira ke zaune a gefen Komadugu. Ya kawo kwali biyu na littattafai, ya ce ta duba ta rubuta musu waɗanda suka cancanci a sayo, kashi uku: ƙagaggun labarai, littattafan sani, da na yara masu hotuna. Kafin ƙarshen Mayu.

"Mama, ba sai kin wahala ba," ya ce mata ranar. "A karanta miki bayan bangon kawai, ki ce i ko a'a."

"Illiassou, ka taɓa ganin na ba ka maki a kan takardar da ban karanta ba?"

Ya yi dariya, ya sosa ƙeya, ya tafi. Ni aka bari da karatun, don a layinmu ba wata mace da ta san Faransanci sai ni.

Ba zan ce da daɗin rai na karɓa ba. Ina tashi kasuwa da azahar, idona na yaji da ƙurar tattasai, in yi salla, in ɗora tukunya, in shigo mata. Wani lokaci ina karatu ina gyangyaɗi. Ta kan ji, ta ce, "Je ki wanke fuska." In ladan ya kira la'asar, ita ke fara cewa, "Tashi, an kira ku."

Na yara muka fara yi, don ba su da nauyi. Amma sai na faɗa mata kowane hoto.

"Me yarinyar ta sa?"

"Wata ƙatuwar riga, Madam. Ga farin abu ya rufe ƙasa, ga kare a kan gadonta."

"A kan gado? Aje shi can."

Wani kuma na wani jaki ne da ya ƙi haye gada, duk garin suka taru suna lallashinsa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta sa na rubuta shi na ɗaya a cikin kaye, irin littafin rubutun 'yan makaranta, da bik ja. Akwai guda biyu da Barbarci, ta sa na kira Aziza matar mai shago ta karanta mana, duk biyun suka shiga. Na Hausa kuwa ta fi tsananta musu. Wani ta ce marubucinsa wa'azi yake so ya yi, ya rasa masallaci ya samu yara.

Da muka zo kan littattafan sani, aka samu wani na noman rani, mai takarda mai ƙyalli. Ina cikin karanta babin tattasai na tsaya.

"Madam, wannan bai taɓa shiga fadama ba. In ka dasa a lokacin da ya ce, ruwan Komadugu zai zo ya same shi yana ƙarami, ya kwashe."

"Kin tabbata?"

"Shekara goma sha biyu na yi ina dasawa."

"To, ya fita. Ni alli na sani, ban san tattasai ba."

Na ungozoma ya shiga, da na tarihin Borno, da wani ƙarami mai koya gyaran famfon ban ruwa, duk da rabin kalmominsa ni da ita ba mu gane ba. Ta ce samarin da ke zaune ba aiki za su gane.

Farkon Mayu jikinta ya ƙara lalacewa. Kumburin ya hau har ciki, abinci ya daina zama, kunu ma sai cokali uku. Susana, wata 'yar majami'arsu mai aikin jinya, ta zo ta duba ta, ta ja ni zaure ta ce ƙoda ce, kuma ba a nan ake wankinta ba. Ta buga wa Salomon, ɗan Madam ɗaya tilo, da ke Yamai. Kwana biyu ya yi a mota. Ya shigo da jaka a kafaɗa, ya tarar da mu tsakanin tulin littattafai, ya tsaya yana kallonmu.

"Mama, gobe za mu tafi Damagaram. Na samu mota."

"Sannu da hanya. Ka gaida Tantinka."

"Ina wuni, Tanti. Mama, kin ji abin da na ce?"

"Na ji. Awa nawa ne a wannan hanya, da shingayen sojoji? In na isa, a sa mini na'ura sau biyu a mako har yaushe?"

"Har ki samu sauƙi."

"Salomon, ba ni da ƙarfin. Kuma ina da aiki a hannu."

"Wane aiki? Wannan?" Ya nuna kwalayen da ƙafa. "Sun rasa masu digiri a ofishinsu ne?"

Ya fita ƙofar gida ya zauna kan dakali, na same shi can yana goge ido da bayan hannu. Ya ce, "Tanti, ki yi mata magana." Na yi mata, sau biyu. Ta ce in ɗauko littafi na gaba. Daga ranar Salomon ya daina maganar tafiya. Shi ke juya ta, shi ke mata fifita da murfin kwali yayin da nake karatu.

Ƙagaggun labaran muka bari ƙarshe, don su ne masu kauri. Shida suka shiga, huɗu suka fita. Ya rage ɗaya, da Faransanci, bangonsa ruwan toka. Labarin wata mai ɗinki ce a wata ƙasa mai nisa. Wata safiya masu bindiga suka shigo garinsu, ta gudu da kan keken ɗinkinta a ka, ta bar mijinta kwance a tsakar gida ba ta rufe shi ba.

Da na kai wurin, na kasa ci gaba.

"Rufe shi," in ji Madam. "Laifina ne, da na sa Salomon ya duba tukuna. Wannan ba zai je Assaga ba. Mutanen da suka ga abin da idonsu, ba za mu kai musu shi a takarda ba."

Na tafi gida. Washegari ban je kasuwa ba. Da hantsi na shiga, na ɗauko littafin daga tulin waɗanda aka ƙi.

"Madam, mu ci gaba da shi."

"Na ce ya fita."

"Na ji. Amma ni ban yarda ba." Ban taɓa yi mata musu irin haka ba. "Shekara huɗu ina ɗauka ni kaɗai ce na gudu na bar mutum a ƙasa. Ko ƙanwata ban faɗa wa ba. Jiya na ga wata ta yi, kuma mai littafin bai zage ta ba. Ina so in san yadda ta ƙare."

Salomon ya daina fifita.

"Maigidanki, ba ki rufe shi ba?" ta ce a hankali.

"Ban rufe shi ba."

Ta lalubo hannuna ta riƙe. Tafinta ya yi laushi da kumburi. "Karanta. Amma ban yi alkawari ba. Sai na ji ƙarshensa."

Kwana tara muka yi a kansa. Shafi goma, wata rana biyar, don barci na ɗauke ta a tsakiyar layi. In ta farka sai ta ce, "Ta samu zaren?" ko "Yaron nan nata ya warke?" Illiassou ya zo sau ɗaya tambayar lis ɗin littattafan. Da ya ga yadda ta koma, bai tambaya ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta gane muryarsa, ta ce har yanzu yana cin ƙarshen kalmomi.

Ranar Talata da safe na kai mata kunun gero mai ruwa-ruwa. Ta ce in aje, in je kasuwa, da azahar ma ƙarasa, saura shafi talatin da ɗaya. Na tafi. Ban kai ga kwance bakin buhu na biyu ba Aziza ta zo tana haki, ta ce in zo. Na tarar Salomon zaune a ƙasa ya jingina da bango, Susana na ɗaure mata haɓa da farin ƙyalle. Kunun yana nan inda na aje shi.

Kiristocin Diffa ba su da yawa, majami'ar ba ta cika ba. Amma waje ya cika. Tsofaffin ɗalibanta suka zo, 'yan kasuwa, direbobi, wani jandarma da kakinsa, suka tsaya a rana har Fasto Bitrus ya gama, suka bi gawar zuwa makabarta. Mu matan layi muka zauna a gidan, muka dafa shinkafa, muna karɓar gaisuwa kamar yadda ake yi wa kowa.

Bayan kwana uku Salomon ya ba da kayan ɗakin ga majami'a, ya miƙa wa mai gidan da take haya makulli. Ni ya kawo mini kwalayen da kayen. Ya ce, "Tanti, ke kika san inda kuka tsaya."

Na ƙarasa shafukan ni kaɗai a rumfar kasuwa, tsakanin masu saye. Ba wani ƙarshe mai daɗi ba ne. Matar ba ta koma garinsu ba. Ta samu wani lungu a bakin tasha tana ɗinkin facin kaya, shi ke nan. Na riƙe bik ɗin na daɗe, sannan na rubuta shi na bakwai a ƙagaggun labarai.

Da Illiassou ya zo karɓa, na nuna masa. "Duk waɗannan ta ji su har ƙarshe. Wannan ɗaya ba ta ji ba, kuma da farko ta ƙi shi. Ni na sa. In za ka soke, ka soke."

Ya duba kayen, ya dube ni. "Kin karanta shi duka, Tanti?"

"Duka."

Ya ninke kayen ya sa a jaka.

Sai bayan damina littattafan suka iso, kuma ba duka ba. Cikin talatin da huɗu, goma sha tara aka samu. Mai bangon tokan yana ciki, kwafi uku. Illiassou ya ce in zo in gani. Na ƙi sau biyu, don ban son hanyar gabas. Na uku na shiga motarsu.

Rumfar ta zana ce da tamfol a sama, tabarmi huɗu, akwatin ƙarfe ɗaya. Ruwan Komadugu ya cika ya matso har ana hango shi ta tsakanin bukkoki. Ba wani biki. Mata biyu suna shayar da jarirai a inuwa, yara suna ta jan littattafai. Na zauna a gefe, ƙafafuna na ciwo.

A ƙarshen tabarma akwai wani tsoho, aka ce mini Baba Mamman ne, masunci daga wajen Bosso, rabonsa da jirgi tun da aka tashe su. Bai iya karatu ba. Ya karɓi wani littafin yara mai hotunan kifaye ya ɗora a gwiwa, yana faɗa wa yaran sunan kowanne da Barbarci, suna maimaitawa. Ya zo kan tarwaɗa ya tsaya, ya kawo shafin kusa da ido.

"Gashin bakinta bai cika ba," ya ce da Hausarsa mai nauyi. "Saura biyu."

Wata yarinya ta miƙa masa guntun fensir. Ya juya shi a hannu, ya riƙe shi kamar allurar ɗinkin koma, ya sunkuya a kan takardar.