Rafin da Baba Mai Zane Ya Bari

"Riƙe mini linzamin kwamfutar nan, Shiru-shiru, hannuna ya fara rawar tasa."

Ta ajiye jakarta, ta jawo kujera kusa da shi. Shekara huɗu ke nan da ita da mahaifiyarta suka kama ɗakunan da ke kallon nasu, kuma tun ranar da ta gaishe shi da muryar da bai ji ba, Baba Mai Zane ya laƙaba mata wannan suna. Ta gama jami'a, sunan yana nan.

Kwamfutar tasa ta girme ta. Allo ne mai ƙaton ƙeya, farinsa ya koma ruwan ƙasa, ga fanka mai gurnani. Da ita ya yi aiki a maɗaba'a har ya yi ritaya, da za a jefar ya ɗauko ta. A allon akwai zanen rafi, da bishiya biyu, da faffaɗan dutse a bakin ruwa. A gefe kuma ƙananan gidajen launi ne a jere, ɗari biyu da hamsin da shida.

"Ja daga wannan shuɗin zuwa wancan. Yawwa. Danna."

Ta danna. Ruwan ya fara gudu.

"Ba gudu yake ba fa," ya ce, yana dariya har tari ya sarƙe shi. "Ko ɗigo ɗaya bai motsa ba. Launukan ne ke ba juna wuri, wannan ya tashi, na bayansa ya zauna. Ido ne kawai ake yi wa wayo."

"Baba, ina ne nan?"

Ya waiga ƙofa, ya rage murya. Rafin bayan gidan da suka fara zama ne shi da matarsa, Inna. An cike shi tuntuni, an gina shaguna a kai, ko hoto ɗaya ba su da shi. Wata takwas yana zana shi daga ka.

"Kada ki faɗa mata. Na sa shi ya riƙa fitowa da kansa in an bar injin ya huta minti goma, shi ya sa nake kashewa in zan tashi. Saura gefen dutsen nan. Kin ga ruwan wurin a tsaye yake? Ban ba shi launukansa ba tukuna."

Inna ta leƙo da kofin ruwa da magani. "Kuna nan dai kan akwatin nan? 'Yata, ce masa ya sha. Ke kaɗai yake jin maganarki, tunda ba kya yi."

Bai ƙarasa gefen dutsen ba. Ranar Lahadi aka fita da shi asibiti, yana mitar an sa masa hula a karkace. Ranar Laraba da hantsi Shiru-shiru tana shanya, ta ji kukan Inna daga bakin ƙofa, ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu har ruwansa ya gama ɗiga a ƙafarta.

Gidan ya cika da masu ta'aziyya. Ta shiga sau biyu, ta durƙusa, ta ce "Allah ya jiƙan Baba", ta fito. Da jama'a suka ragu, sai ta riƙa jin gurnanin fankar ta taga, da wani ƙas-ƙas a kan tebur wanda ba ya tsayawa. Mahaifiyarta ce ta kawo labari: a asibiti Baba ya ce wa Inna, "Na bar miki rafinmu a cikin kwamfuta." Babban ɗansu ya duba bai ga komai ba, ya ce zafin ciwo ne. Ranar Asabar zai tafi da Inna gidansa, kwamfutar kuma mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ya kwashe.

Sau uku Shiru-shiru ta je har ƙofarsu, ta ji muryar maza a ciki, ta juyo.

Ranar Asabar da safe mota ta tsaya a waje. Shiru-shiru ta shiga, ta tarar da ɗakin an kwashe, sai tebur ɗin da kujera biyu. Inna tana zaune gaban allon, ta damƙe linzamin tana girgiza shi, kamar yadda ta saba ganin mijinta yana yi a da in ya dawo ya zauna. Ba ta san cewa wannan girgizar ce ke korar abin da take nema ba.

"Inna, ya isa haka," in ji ɗan, ya sunkuya zai zare wayar wuta.

"Yaya, kada ka cire!"

Ita kanta muryar ta ba ta tsoro. Ya ɗago yana kallonta.

"Yana ciki. Na gani da idona. Sai an ƙyale shi yake fitowa." Ta durƙusa gefen tsohuwar. "Inna, ki saki. Minti goma, kada kowa ya taɓa."

"In saki? Kwana nawa ina neman abin nan."

"Shi ya sa, Inna."

Ta ɓamɓare yatsun tsohuwar ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora mata hannun a cinya. Suka zauna. Direba ya yi hon. A minti na bakwai ɗan ya juya zai fita, ƙugunsa ya bugi tebur, linzamin ya motsa.

"Sai an sake daga farko," in ji Shiru-shiru, ba ta kalle shi ba.

Ɗan ya dubi uwarsa. Ya jingina da bango, ya harɗe hannuwa. Direba ya sake yin hon har sau biyu, ya gaji.

Allon ya yi baƙi. Sai ga bishiya biyu, ga dutse, ga ruwa yana gangarowa, shuɗi yana ba fari wuri.

Inna ta zuba wa allon ido.

"Ga dutsen wankina," ta ce a hankali. Ta matso da fuskarta. "Ji mutumin nan! Har nan ya tuna. Gefen dutsen nan dama ruwan ba ya gudu, a kwance yake. Nan nake jiƙa kaya."

Shiru-shiru ta dubi wurin da Baba bai ƙarasa ba, ta gyaɗa kai.

Ɗan ya goge ido da bayan hannu, ya fita a hankali, yana kewaye tebur ɗin. Ta taga suka ji yana ce wa direba ya sauke kwalin da ke kujerar gaba, akwai abin da za a sa a wurin.

Hannun Inna ya tashi zai kai ga linzamin, ya tsaya a hanya, ya koma cinyarta. Ruwan yana ta gudu.