Kafaɗar Charles

Ƙungiyar Walƙiya ta fara ne a wani ƙaramin coci a unguwar Cheras, can ƙasar Malayawa, lokacin da Haggai da Charles da Ƙauna suke ɗalibai. In an tashi sujada sai su tsaya su buga disko da fank, irin kiɗan da iyayensu suka taka rawa da shi a Jos. Daga nan aka fara kiransu bukukuwan 'yan Najeriya, sai otal-otal, har Malayawa da Sinawa suka shiga gayyatarsu bikin aure.

Suna da wata ɗabi'a: ba sa ƙirge kafin su fara. Haggai mai jitar bas da Ƙauna mawaƙiya kafaɗar Charles mai ganga suke kallo. Da ya ɗaga ta hagu, ganga ta sauka, kowa ya faɗa ciki tare.

Sai korona ta zo, aka kulle gari. Aikin Charles ya ƙare, ya sami kujera a jirgin komawa gida. Abin da ya tsaya wa Haggai a rai shi ne Walƙiya ta watse ba su yi kiɗan bankwana ba. Sun gwada ta bidiyon waya, amma kafaɗar takan iso a makare, kowa ya kama gabansa. Ƙauna ta ce kiɗan nasu ya koma kamar awaki a kan rufin kwano.

Wata rana Haggai yana shanya a baranda, sai ya hango Charles a benen da ke fuskantarsu yana kakkaɓe tawul, kafaɗa na hawa da sauka. Ƙauna kuwa a hawan ƙasan Haggai take. Nan take ya buga waya.

"Oga Charles, fito da gangunanka baranda. Singileti za ka sa, kafaɗar nake son gani."

"Haggai, maƙwabta za su kore ni."

"To da ma ba tafiya za ka yi ba? Boleh lah, in ji Malayawa: zai yiwu."

Da la'asar Charles ya zauna, ya gyara sanduna, ya ɗaga kafaɗar hagu. Bas da murya suka faɗa tare, ba gaba ba baya. Tagogi suka buɗe, wata tsohuwa Bamalaya ta fito da ludayi tana kaɗa tukunya. Sai da suka ƙare waƙoƙinsu kaf, suka sake ɗauko ta farko.