Wuyan Tirelar Tatay

Mutum uku suka zo duba tirelar a mako guda, kuma duk ukun sai da suka zage ta. Ban ji haushinsu sosai ba, don ni ma nakan zage ta in na wuce da safe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kowannensu in ya gama kushe ta sai ya je ya tsuguna a wuri guda, wajen wuyanta, inda ake maƙala ta a bayan mota.

Tirelar jirgin ruwanmu ce, 'yar ƙarama mai taya biyu. Tatay, mahaifina, wanda mutanen gari ke kira Mang Gorio, shi ya ƙera ta shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, lokacin yana da shagon walda a nan Tanauan, kuma shi ya sassaƙa jirgin da ke kwance a kanta. Jirgin katako ne, ba inji, sai filafili da iska. Daga gidanmu zuwa bakin tafkin Taal tafiyar rabin awa ce a kan babban titi, don haka in babu tirela jirgin nan bai wuce akurki ba. Kajina ma har sun fara kwana a ciki.

Tokar dutse mai aman wuta da ke tsakiyar tafkin ce ta kashe ta. Shekarar da ya yi aman wuta toka ta rufe tsakar gida, ruwan sama ya biyo baya, muka wanke jirgin tas muka manta da ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Ta ci gaba da aiki tana ruɓewa ta ciki, har wata Lahadi a watan Nuwamba, muna fita ƙofar gida, ta yi wata ƙara ta durƙusa.

A makon ne kuma Kuya Dalmacio, yayana, ya kira daga Kanada ya ce takardun tafiyar Tatay sun fito, ranar goma ga Maris zai zo ya tafi da shi. Tatay shekararsa tamanin da ɗaya, hannunsa na rawa, can zai fi samun kulawa, duk na yarda. Amma ba wanda ya yi maganar dawowa, ni ma tsoro ya hana ni tambaya. Amihan, iskar da muke shiga tafki da ita, daga Disamba take zuwa ƙarshen Fabrairu. Na rantse wa kaina Tatay ba zai hau jirgin sama ba sai ya sake riƙe sandar tuƙin jirginsa.

Dabarata mai sauƙi ce. In sayar da tsohuwar ko nawa ne, in haɗa da abin da na tara a gidan burodina, in sayi sabuwa. Na farko ya taya peso dubu biyar, na biyu dubu tara. Na ukun Mang Badong ne, dillalin tsofaffin jirage na Talisay, mutum mai tumbi da yawan dariya. Ya zagaya ta, ya sa yatsa a wani rami da tsatsa ta ci, ya girgiza kai, ya kira ni da sunana.

"Aling Ningning, wannan ai ba tirela ba ce, gawa ce. Amma don girman Mang Gorio zan ba ki peso dubu ashirin."

Na ce, "Gawa dubu ashirin? Lallai a Talisay mutuwa tana da riba."

Ya yi dariya har tumbin na rawa. Sai ya tsuguna wajen wuyan, ya kankare fenti da makulli, ya ciro farin salatif da fensir daga aljihu. Ya manna, ya goga fensirin a kai, sai ga lambobi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

"Takardunta suna nan dai? Ana sabuntawa?"

Ya yi tambayar kamar wanda bai damu da amsar ba, amma kansa na ƙasa, ya ƙi kallona. Na waiwaya wajen Tatay, yana zaune a kujerarsa ƙarƙashin mangwaro, ya mai da hankali kan kofin kofinsa kamar bai taɓa ganin kofi ba. Na ce wa Mang Badong zan yi shawara.

Washegari da na gama sallamar masu burodi na shiga mota zuwa Lipa, wajen masu ƙera sababbi. Kuɗin ya yi yawa amma ba zai gagare ni ba. Sai na tambayi mai shagon yaushe zan iya ɗora jirgi in hau titi.

Ya kira ni Ate, wato yaya, ya ce, "Ƙira mako biyu ne. Lamba da takardu kuwa, sabuwar ƙira ce, sai an bi layi. Ki sa rai Afrilu. In ba ki so ki ji haushina, ki ce Mayu."

"In na hau titi ba lamba fa?"

"Ki tafi da abincin rana, don za ki wuni a gefen hanya."

A hanyar komawa na gane komai, na yi ta zagin kaina ni kaɗai a mota. Shekara hamsin da biyu ina kallon ƙarfe, ashe ban san inda kuɗinsa yake ba. Ba mai son ruɓaɓɓiyar tirelata. Lambar da ke wuyanta suke so, da takardun da Tatay bai taɓa fashin sabuntawa ba ko shekara ɗaya. Da na sayar, da na zauna da sabuwa fil a tsakar gida ina kallonta har amihan ta wuce, Tatay ma ya wuce.

Na same shi inda na bar shi.

"Tay, ka sani."

"Na sani."

"Ka zuba mini ido zan yi wauta, ka yi shiru?"

Ya ajiye kofin da hannu biyu don kada ya zube. "Ba wauta ba ce. Ki ce wa Mang Badong dubu talatin da biyar, zai bayar. Ki haɗa masa da jirgin ku yi ciniki guda."

"Da jirgin?"

"Ning, jirgin nan mutum biyu yake so. Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya tura. Bayan Maris wa zai tura miki? Kaji? Zai ruɓe a gabanki kina kallo, kullum ki wuce ki ji ciwo. Gara ya tafi ina nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba don ya yi ƙarya ba. Shekara goma tun rasuwar mijina, ni da shi muke sauke jirgin nan, ni a cikin ruwa zuwa ƙugu, shi yana riƙe da igiya yana ba da umarni. Na wuce bayan gida na yaye tamfol ɗin da ke kan tsohon injin waldarsa.

Sai da na fara zuwa ofishin rajista, don ba na son a ce na yi coge. Matar da ke wurin ta duba takardun, ta ce muddin wuyan da ke ɗauke da lambar yana nan, tsawo da faɗi ba su canza ba, gyara ne, in na gama in kawo su gani. Daga nan na zarce wajen masu ƙarfe, kuɗin sabuwar tirela ya tafi a ƙarfe mai jure tsatsa, da sifirin, da boris, da taya biyu. Maƙwabta shida suka ɗaga jirgin suka kwantar da shi a kan tsofaffin tayoyi, na cika musu ciki da pansit, soyayyiyar taliyarmu.

Rabona da riƙe walda tun ina 'yar shekara sha shida. Tatay ya ce ba ruwansa, ba zai sa hannu a aikin banza ba. Ya kuwa cika alkawari na kwana biyu cur. A rana ta uku, ina tsugune ina fama, sai na ji ƙarar jan kujera a bayana.

"Wannan mene ne? Kashin kaji?"

"Walda ce, Tay."

"A'a. Kaji sun fi ki tsari. Kankare ki sake."

Idonsa ba ya jure hasken, don haka yakan juya baya ya saurara. A wajensa walda mai kyau ƙararta ɗaya da suyar kifi a mai mai zafi. In ta fara tartsatsi tana yankewa sai ya buga sandarsa a ƙasa. "Kin yi nisa! Matso! Gudun me kike, bas za ki kama?" Wata rana na ɗaga gilashin fuska da wuri, na wuni biyu idona kamar an zuba yashi, ina hawaye a kan ƙullun burodi. Hannuwana suka cika da tabon wuta. Aikin da na yi wa lissafin mako uku ya cinye Disamba, ya shiga Janairu, iska tana kaɗa ganyen mangwaro kullum tana tuna mini.

Mang Badong ya leƙo sau biyu. A na biyun ya jingina da ƙofa ya ce, "Aling Ningning, har yanzu ana yi wa gawar tiyata? Dubu arba'in, wuyan kawai, ki huta."

"Mang Badong, in ka kawo naka wuyan ma zan duba."

"Kai, Mang Gorio, 'yarka ta fi ka taurin kai!"

Tatay ya ce, "Wajen uwarta ta ɗauko." Amma na ga bakinsa ya motsa kamar zai yi murmushi.

Da gangar jikin ta haɗu, ban tsaya ba. Na sa 'yar ƙaramar taya a ƙarƙashin wuyan. Na jera robobi masu juyawa a inda cikin jirgin ke kwanciya, maimakon katakon da. Na kafa sanda a gaba, na ɗaura mata abin naɗe igiya mai mariƙi, irin wanda ake juyawa da hannu. Tatay ya zagayo yana dogara sanda, ya taɓa wannan, ya taɓa wancan.

"Wannan tarkacen ba ya cikin ƙirata."

"Ba ya ciki."

"Nauyi kawai kike ƙara mata."

"To."

Ya ɗauki ƙaramar guduma ya bi kowace mahaɗa yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Uku ya sa na sake. A wajen wuyan, inda tsohon ƙarfensa ya haɗu da sabon nawa, ya daɗe yana bugawa. Bai ce ta yi kyau ba, ya dai mayar da gudumar cikin akwati.

A ofis aka manna salatif, aka goga fensir, lambar ta fito yadda take a takarda. Ranar sha tara ga Fabrairu muka kama hanyar Talisay, ina tuƙi a hankali har masu babur suna yi mini oda, kunnena duk yana baya. Ba ta yi ko ƙis ba.

A bakin tafkin iska na nan, ta rage ƙarfi amma tana nan. Na juya motar na gangara da baya har tayoyin tirelar suka shiga ruwa. Tatay ya buɗe ƙofa, ya nufi inda ya saba tsayawa, ya miƙa hannu zai ɗauki igiya.

"Kar ka taɓa, Tay."

"Wa zai riƙe miki?"

"Ka koma can ka tsaya. Kallo kawai."

Wasu masunta biyu suka taso za su taimaka, na ɗaga musu hannu suka tsaya. Na saki mariƙin ina juyawa a hankali, jirgin ya silale a kan robobin, ya sauka ruwa ya zauna. Ban tsaya nan ba. Na juya mariƙin ta ɗaya gefen, igiya ta miƙe, jirgin ya hauro yana ɗigar ruwa har hancinsa ya daki sandar. Kafaɗata kamar za ta cire, amma na ƙi nunawa. Sannan na sake sauke shi, na ɗaure a turke, na juyo ina haki.

Tatay yana tsaye inda na ce ya tsaya, ya rungume sandarsa.

"Ki riƙa zuba wa abin nan mai," ya ce. "Duk fita. Kuma ki wanke ƙarfen, ba jirgin kawai ba."

"Zan yi."

"Takardun a watan Yuni ake sabuntawa. Suna cikin gwangwanin biskit, ƙarƙashin gadona. Kar ki bari ya wuce."

"Ba zai wuce ba."

Na kama shi ya shiga, ya zauna a baya wajen sandar tuƙi. Na ɗaga filafilin, iska ta cika shi, bakin gaɓa ya fara ja da baya. Ya tuƙa mu har muka wuce kejin masu kiwon kifi, fuskarsa a sama, bai ko kalle ni ba. Ina ta ƙoƙarin haddace yadda yake zaune, don na san abin da zai rage mini ke nan.

Da muka kai tsakiya sai ya matsa gefe, ya bubbuga wurin da ya tashi.

"Zo ki karɓa. Kawo igiyar filafilin ma, ki haɗa duka biyun a hannunki. Akwai yadda mutum ɗaya yake yi, ban taɓa nuna miki ba."

Na koma baya na zauna. Ya ɗora hannunsa mai rawa a kan nawa ya gyara mini riƙo, sannan ya janye shi ya ajiye a cinyarsa.