Ƙofa Ba Bango

Ranar da Baba ya kai takardunsa ofishin filaye don a sa sunansa kan filin da ya saya, a ranar ya dawo ya haɗa ƙofa. Kafinta ne, ga zumuɗi. Sun ce masa ya dawo mako mai zuwa, shi kuwa ya ɗauka da gaske suke. Ƙofa ce mai nauyin tsiya, ya ce ita za a fara kafawa a gidanmu.

Mako mai zuwan nan bai zo ba har Auta, da ke goye a lokacin, ya yi gemu. Yau mai sa hannu ya yi tafiya, gobe an canza shugaba, jibi fayil yana sama. Gini kuwa sun hana, sai takarda ta fito. Ƙofar nan ta bi mu gidajen haya ɗaya bayan ɗaya. Mun ci abinci a kanta, an yi guga, ni da yayata har kwana mun yi a kai. Duk tashi sai Inna ta ce a sayar da wannan jaraba, Baba ya yi kamar bai ji ba.

Kwatsam sai wani mai gidajen mai ya kafa allo a filin, wai ofis ya ba shi, tunda mun bar wuri ba gini. Ka ji rainin hankali. Raina ya ɓaci matuƙa, na ja Baba muka shigar da ƙara, yana ta cewa a bi su a hankali.

A kotu ko zama na kasa yi sosai, Inna tana ta jan gefen mayafina. Lauyarmu, 'yar siririya mai muryar tsiwa, ta tambayi wakilin ofis me ya sa aka ƙwace filin. Ya ce ba a yi gini ba. Me ya hana gini? Babu takarda. Wa ke ba da takardar? Bawan Allah ya dubi fanka, ya dubi takalminsa, ya ce su ne. Wani a baya ya tuntsire da dariya.

Alƙali ya cire tabarau ya ce, "Wato kun hana shi gini, sannan kun hukunta shi don bai yi gini ba?"

Ya soke rabon da aka yi wa mai gidajen man, ya ce a sa sunan Baba kafin zama na gaba, in ba haka ba shugaban ofis ya zo da ƙafarsa ya yi bayani. Abin da ya gagara tun Auta na goye, kafin ƙarshen wata sai ga takarda. Daɗi kamar ya kashe ni.

Muka ɗora ƙofa kan motar haya, Auta na riƙe da igiya ta taga, muka nufi filin. Ba komai a wurin sai ciyawa da awakin mutane. Baba ya haƙa rami biyu, ya kafa ƙofarsa tsaye a tsakiyar fili. Muka bi ta gefe muna hayaniya, tunda ko'ina hanya ce.

Inna kaɗai ta tsaya a waje. Ta gyara mayafi, ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama.

Baba ya goge ido da hannun riga, ya buɗe mata.