Bututun Hura Wutar Tie Wanfu

"Kada ka zuba masa ruwa, Liman!" in ji tsohuwa Hei Guilan daga bayan labule. "Maƙabartarmu ba ta maciya amana ba ce."

Liman ya ajiye buta. A gabansa gawar maƙwabcinsu ce, Tie Wanfu mai burodi, wanda ya sauka ƙauyen bayan yaƙin Japanawa, bai kuwa taɓa faɗin inda ya fito ba. Sahun ƙarshe yake tsayawa a masallaci, hannayensa kullum cikin safa, ko ana zafi.

Tsohuwar ta turo wani dogon ƙarfe mai zobba ta ƙarƙashin labulen.

"Da wannan yake hura wuta. Ka san ko mene ne?"

Ya sani. Bakin bindigar tankar yaƙi ne, irin wadda ke aman harsashi ashirin a jere, ta yi zafin da sai an dakata mata. Shi kansa ya daɗe da zargi. Da rabin baki yake amsa sallamar mutumin, sannan ya yi istigfari a ransa.

"Irinta ce ta kashe wana a gonar dawa," ta ce. "Wa zai adana wannan in ba karen Japanawa ba?"

"Ke fa, Yaya, yaya kika tsira?"

"Bindigar ta juyo kaina, sai ta koma harbin gajimare. Na waiwaya, na hango ɗaya daga cikin 'yan dakon da suka kamo, rataye da bakinta kamar biri. Allah ya jiƙansa, wannan ai tun ranar suka gama da shi."

Liman ya yi bisimilla, ya zare safar mamacin. Tafukan biyu tabon ƙuna ne, layi-layi. Ya ɗora ƙarfen a kai, zobban suka zauna cikin tabon ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga gefen labule kaɗan domin ta gani.

Ta jima tana kallo.

"Mai canja musu bakin bindiga ma haka zai ƙone," ta ce.

"Haka ne. Allah ne masani."

Ya ji takunta ya yi nisa. Ya zauna da hannun mamacin cikin nasa, bai san ko mutane ta tafi tarowa ba.

Can sai labulen ya motsa. Wani hannu mai tamoji ya miƙo buta tana tururi.

"Waccan ta huce," ta ce. "Ka fara da tafukan."