Gashin Ɗigo

Wanka nake yi mata ranar da na fara gani. Na kifa ta a cinyata ina zuba ruwa, sai ga wani ɗan fili a ƙeyarta, kamar faɗin farcen babban yatsa, babu gashi. Ɗigo muke ce mata, don ranar da aka haife ta wata ma'aikaciyar jinya ta ce wannan ai ɗigon mutum ce. Na ce wa kaina kwanciya ce, jarirai sukan goge ƙeya da katifa. Amma ni tela ce. Na san abin da ya goge, na kuma san inda almakashi ya bi.

Ba a daɗe ba na ga wani filin a saman kunnenta. Mu uku ne a gidan, ni da ita da ubanta, kuma ni dai ban yanka ba.

Cikin tagwaye na yi. Tun ciki bai tsufa ba likita ya ce ɗayar ba ta girma yadda ya kamata, daga nan shi da mijina suka koma yaren likitoci suka bar ni ina kallon silin. Fiɗa aka yi mini. Da na farfaɗo aka miƙo mini Ɗigo, aka ce 'yar uwarta ba ta zo da rai ba, har an kai ta. Shi ya gan ta, shi ya kai ta. Ni ko zanen da aka naɗe ta ban gani ba.

Tun daga ranar mutumin nan ya zama wani. A jami'a yake aiki, yana binciken yadda ƙwan kwaɗo yake zama kwaɗo. Da can in ya dawo sai na toshe kunne, don ko tambayarsa ba ka yi ba zai ba ka labarin kwaɗinsa har abinci ya huce. Nakan tare shi a ƙofa in ce, "Sannu da zuwa, ya ka baro dangin?" Yanzu sai ya shigo ya zauna yana kallon bango. In Ɗigo ta yi kuka ya miƙe ya tsaya a kanta, hannuwa a baya, yana kallon yadda ƙirjinta yake ɗagawa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ni na tambayi tasa ta ƙi ba ni amsa.

Wata safiya na fita shanya, na manta da maƙalan kaya, na dawo ba takalmi. Ƙofar ɗaki a buɗe take. Ya sunkuya a kan gadonta, ɗan almakashina na yanke zare a hannunsa. Ya ɗaga gashinta da yatsa, ya yanka a hankali, ya zuba a takarda, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Tana barcinta. Na lallaɓa da baya na koma wurin shanya, na tsaya riƙe da jiƙaƙƙen zane har na ji ya ja ƙofar waje.

Na kira Yaya, babbar yayata, na gaya mata abin da na gani.

"Gashi?" in ji ta. "Gashin jaririya? Ke, ruwa ba ya tsami banza. Me namiji zai yi da gashin jaririya?"

"Yaya, mutum ne mai ilimi."

"Ilimi ya taɓa hana wani? Ko dai ya faɗa hannun mugayen mutane, ko kuma kansa ya taɓu, kuma duk ba mai daɗi a ciki. Yau gashi, gobe me? Kin riga kin rasa ɗaya. Haɗa kayanki ki taho, ɗaki yana nan."

Na haɗa. Na cusa kayanta da nawa a jaka. Na ajiye jakar a bakin ƙofa, na goya Ɗigo. Amma da na fito titi sai ƙafata ta ƙi hanyar gidan Yaya. In zan raba 'ya da ubanta, gara in ga abin da ya sa da idona, kada wata rana ta tambaye ni in ce ji na yi.

Ban taɓa shiga ginin da yake aiki a jami'ar ba. Mai gadi ya san ni a hoto, ya nuna mini hawa na sama, ƙofar ƙarshe. Barandar doguwa ce, ba kowa, sai ƙarar wani inji da warin magani. Wata ƙofa a buɗe take, na leƙa, na yi da na sani. Tankunan gilashi ne jere har bango, kwaɗi a ciki sun baje hannuwa a tsakiyar ruwa ba sa motsi, kamar waɗanda ruwa ya ci. Ɗaya ya juyo da ido. Na ƙara ɗaure goyona na wuce da sauri.

Yana zaune ya ba ƙofa baya, cikin farar riga, idonsa a kan madubin nan mai ƙara girman abu. Ga takardar a buɗe kusa da gwiwar hannunsa. Ga gashin 'yata, baƙi, mai laushi, an jera shi sili-sili. A kan kanta kuma ƙananan farantan gilashi ne da ruwa a ciki, sun fi ƙarfin ƙirga.

"Baban Ɗigo."

Ya zabura har hantsakin hannunsa ya faɗi.

"Me ya faru? Ba ta da lafiya?"

"Kada ka matso," na ce. "Daga nan za ka gaya mini. Me kake yi da gashinta?"

Ya dubi takardar, ya dube ni. Bai musa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Ɗauri nake yi da shi," ya ce. "Zare ya yi kauri, gashin babba yana yanka ƙwan. Na jariri ne kawai yake da laushin da ake so. Tsohuwar dabara ce, tun kafin a haife mu ake yin ta."

"Shi ya sa kake sata kamar ɓarawo? Bakinka ciwo yake yi?"

Ya ja kujerarsa can gefe, har jikin taga, ya nuna mini madubin. "Zo ki duba. Ba zan tashi daga nan ba."

Na matsa ina kallonsa ta gefen ido, hannu ɗaya a bayan Ɗigo. Na sa ido. Da farko haske kawai na gani, sai abu ya fito: ƙwallo, samansa baƙi ƙasansa fari, an ɗaure shi a tsakiya ya yi ƙugu kamar gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Ƙullin ya yi kyau, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Na ɗaga kai na dubi farantin, abin bai fi ƙwayar gero ba.

"Akwai ɗan wuri a gefe guda na ƙwan," ya ce daga inda yake, muryarsa ƙasa-ƙasa. "In ƙwan ya fara rabuwa, ƙwayoyin gadon da ke wurin su suke fara farkawa. Su suke aika saƙo ga na kusa da su: ke ki zama baya, ke ki zama kai, ke jijiya. Duk sauran suna da komai a cikinsu, jira kawai suke a gaya musu. In ɗaurin ya raba wurin nan biyu, kowane ɓangare ya samu rabonsa, sai a samu 'ya'yan kwaɗo, talibambam biyu lafiyayyu."

"In bai raba ba fa?"

"Farantin da ke hannun damanki."

Ban so ba, amma na tura shi ƙarƙashin madubin. Talibambam ɗaya ya wuce fit, da idanunsa da wutsiyarsa, har ina hango zuciyarsa tana bugawa ta cikin fata. A gefensa akwai wani abu. Dunƙule ne, ba kai, ba ido, ba wutsiya, sai fata mai tamoji. Kuma yana da rai. Yana juyawa a hankali a wuri ɗaya, shi kaɗai.

"Wannan saƙon bai kai gare shi ba," ya ce. "Sai ya zama ciki kawai."

Na dubi kantar. Na jawo wani farantin, na jawo wani. Duk haka suke, mai iyo ɗaya, dunƙule ɗaya.

"Aikin da aka sa ka ke nan?"

"A'a. An gama sanin wannan tun da daɗewa, ɗalibai ake nuna wa. Aikina yana can na bar shi." Ya murza fuskarsa da tafin hannu. "Mutum ba kwaɗo ba ne, na fi kowa sani. Abin da ya same mu daban ne, likita ya yi mini bayani, na karanta, na gane. Amma kullum in na zo sai in ga na sake ɗaurawa. In sun fito kuma in kasa zubarwa."

Sai a lokacin na gane abin da nake kallo. Na dafa tebur.

"Haka 'yar uwar Ɗigo take?"

Injin baranda yana ta ƙara.

"Ba ta da kai," ya ce. "Ba ta da zuciya. Amma tana da ƙafafu, har da yatsu, ƙanana, na ƙirga su. Nas ta ce kada a nuna miki, na ce to. Na ɗauka zan iya riƙewa ni kaɗai."

"In ba ta da zuciya, da me ta girma har ta yi yatsu?"

Ya ɗaga hannu ya nuna bayana.

"Da ta Ɗigo. Duk watannin nan ita take bugawa su biyu. Shi ya sa ta zo ƙarama. Shi ya sa nake tsayawa ina kallon ƙirjinta, ina tsoron ko ta gaji."

Ɗigo ta motsa a bayana, ta yi ɗan kukan farkawa. Ina jin bugun ƙirjinta a tsakiyar bayana, da sauri-sauri, yadda nake ji kullum ban taɓa saurara ba. Tsoron bai sake ni ba. Na dubi mutumin da ke zaune jikin taga, ya rame har farar rigar ta yi masa yawa, na ga ba a hayyacinsa yake sosai ba, kuma ban san ranar da zai dawo ba. Wayata ta hau ruri a hannuna. Yaya ce.

"Kina ina? Na gyara ɗakin tun ɗazu."

"Yaya, ba yau ba."

"Ke, kina da hankali kuwa?"

"Zan kira ki."

Na kashe. Na ninke takardar gashin na riƙe a hannuna.

"Ba za ka ƙara taɓa kanta da almakashi ba," na ce.

"Ba zan ƙara ba."

"Cire rigar nan. Tashi ka kai mu inda ka binne 'yar uwarta."

"Yanzu? Da yarinyar?"

"Da ita. Ita ta raine ta, ta fi mu haƙƙin sanin wurin."