Katakon da Bai San Hannunka Ba

…kuma ya zauna daidai, Baba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ko silin gashi ba zai shiga tsakanin katakon mariƙin da ƙarfen ba. Ina juya ta a cinyata, nan kan soro inda kake zama, ina neman aibu ɗaya. Ɗaya tak. Babu. Libarbarka, 'yar bindigar hannun nan taka ta soja, ba ta taɓa yin kyau irin na yau ba.

A ƙasa mata na tace burkutu. Balafon ya yi shiru, makaɗan na cin tuwo. In rana ta karkata za a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a fito da kayanka, a raba. Wannan na ɗa, wannan na ɗan 'yar'uwa. Sai a ce makoki ya ƙare, kowa ya kama hanya.

Na san dokar. Wa zai ce ban sani ba? Tun ina yawo ba wando nake jin ta. Abin da ya sha gumin mutum, fartanya, gatari, baka da kwari, na ɗansa ne. Abin da ake kira dukiya, shanu, wuri, keke, bindiga, wannan nono yake bi, ya tafi ga ɗan 'yar'uwa. Har suna ma… kai Meda, Beyuo ɗan Gwaggo Yuora shi ma Meda, ni Somda kamar uwata. Ni na fito daga bayanka, shi ya fito da sunanka. Ban taɓa jin haushi ba.

Ko na ji?

Damina ce, lokacin da ka rasu. An zaunar da kai a kan gadon makoki, hular soja a ka, lambobin Faransawa a ƙirji, baka a jingine, ita kuma a cinyarka. Mariƙinta ya tsage tun daga sama har zoben gindi, ka naɗe shi da wayar tagulla, naɗi a kan naɗi, kamar ƙwaryar da aka ɗinke. Tsofaffin sojoji sun zo daga Dano, suna sara maka. Sai Beyuo ya raɓo kunnena — aikinsa ne, taubashi ke zuba ruwa a wutar makoki — ya ce ashe bindigar kawu ma jinya take yi, ga ta da bandeji, a haɗa su kabari ɗaya kowa ya huta. Aka yi dariya. Ni ma na yi. Amma idona bai bar wayar nan ba.

Kunya ce? Kunya ce. Na ce a raina, tunda gidan Beyuo za ta, ba za ta fita daga gidanmu cikin tsumma ba. Kada wata rana ya rataye ta a ɗakinsa baƙi su ce, haka Saje Der ya bar kayansa, kuma yana da ɗa makaniki a Bobo? Na ce wa Baffa Nifaa, ƙaninka, zan tafi da ita in goge tsatsa. Ya ce tafi. Bai tambaye ni komai ba. Me zai tambaya? Wa ya taɓa sake ƙotar mamaci a garin nan, da har za a yi tunanin hana wani?

Ƙadangare ya hau bakin indararo yana gyaɗa mini kai…

Yawon da na sha neman sabon mariƙi, Baba. Da ka gani da ka yi tsaki. 'Yan gwangwan na bayan kasuwa, ɗaya ya zaro mini mariƙin roba, baƙi, na wata bindigar daban, ya rantse ɗan uwarta ne. Ramin ƙusa yana gabas, nata yana yamma. Aka ce akwai wani tsohon jandarma a garin Gawa mai irinta sak. Na hau motar kaya har can. Ya buɗe akwatin ƙarfe yana ba ni labarin yaƙin da ban tambaye shi ba, muka tarar gara ta riga ni, katakon ya zama gari a cikin ƙyalle. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce to ko zan sayi ƙarfen. Daga baya aka nuna mini Zumana, wani Bajule a Bobo mai sassaƙa katakon balafon. Ya ce madobiya za a sa, zuciyarta, wadda ta sha hayaƙi har ta daina motsi.

Ƙusa ɗaya ce ke riƙe da kumatun mariƙin biyu. Ta ƙi. Muka ɗiga mata mai, muka jira, muka ƙara. Da ta yarda sai ta yi ƙara kamar ɗan tsako. Ni na warware wayar da hannuna — a'a, ban warware ba, zare ta na yi ta gindi, ta fito a dunƙule. Kumatun suka faɗo kan benci, na hagu ya rabu biyu.

Warin nan…

Taba, man kaɗe, da wani abu da ba shi da suna sai naka. Cikin katakon baƙi ƙirin, yana maiƙo. Na ja da baya. Me ya sa na ja da baya? Mutum ya ji ƙanshin ubansa ya kau da hanci kamar an buɗe masai?

Zumana ya ɗora tsoho a kan sabo, ya zagaye da fensir. Ya shafa gefen dama inda zanen ya shafe sumul saboda tafin hannu, ya shafa gefen hagu inda babban yatsa ya ci rami. Ya ƙirga sawun yatsu a gaba, ya ga ɗaya babu. Na ce ƙaramin yatsanka ya rage a yaƙin Aljeriya. Ya tambaye ni ko ya sassaƙa ramin yadda yake. Na ce a'a. Na ce yadda ta fito daga hannun maƙeranta nake so, sabuwa fil.

Ni na ce. Da bakin nan.

Zaunarwar kuwa ban bar wa kowa ba. In na tashi daga gareji sai in kunna aci-bal-bal, in turara ƙarfen da baƙin hayaƙi, in manna katakon, in ɗaga. Inda baƙi ya taɓa, nan ya yi tudu. Magagari, kaɗan. In sake turarawa, in sake mannawa. Ba a gaggawa. Abin da ka cire daga katako ba ya komawa. Kai ka koya mini haka a kan ƙotar fartanya, kana tsaye a kaina, ba ka ce madalla ba, ba ka ce tir ba. Kuma ina jin daɗi, ka ji abin takaici? Rabon da in ji na kusance ka haka… ina gugar katako ina yi maka hira a zuci, ina cewa bari Saje ya gani. Ashe da kowace shafar magagari…

Ranar da na je biyan Zumana ya nuna guntayen da haɓa.

“Waɗannan fa?”

“Zubar.”

Kalma ɗaya. Akwai matar da ke zuwa kwasar ɓawon katakonsa kowace safiya, da shi take ƙyafe kifi. To ka ji inda hannunka ya tafi, Baba. Wani a Bobo ya ci shi da barkono.

An fara share ƙofar gida. Ina jin tsintsiya.

Ɗazu da hantsi Baffa Nifaa ya kira ni bayan rumbu. Gwaggo Yuora na zaune a kan turmi, zaren makoki a wuyanta. Ya ce dattawa sun zauna jiya a kan kayan, kuma maganar libarba ta tashi. Ya ce ita Gwaggo ce ta tayar, ba kowa ba — uwar mai gado da kanta. Ta ce musu saniya tana haihuwa, wuri yana saye, bindigar farauta tana kawo nama, wannan fa? Tunda ɗan'uwanta ya dawo da ita ba ta ga harsashi ba. Ba ta kashe ba, ba ta ciyar ba. Abin da ta yi kawai ta zauna a hannunsa, rani da damina, a kan soron can, tana shan gumi. In haka ne ba dukiya ba ce, ƙota ce. Ƙota kuwa ta ɗa ce. Dattawa suka yi gardama, suka gaji, suka yarda.

“Taka ce, Dabuo,” in ji ta. “Ɗauko mu gani.”

Na tafi da gudu, Baba. Da furfura a gemuna, na tafi da gudu. Ban ma gane ba tukuna, ka gani? Murna nake yi. Ina cewa yanzu za su ga aikina. Na warware ƙyallen da na naɗe ta a gabansu kamar mai buɗe kayan biki.

Baffa bai daɗe yana kallo ba. Hanci ya kai ta. Ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya miƙa wa Gwaggo. Ita kuma ta runtse ido, ta sa babban yatsanta a gefen hagu, tana lalube. Sama, ƙasa. Tana neman ramin. Zanen sabo ne, kaifinsa na cizon fata. Ta daɗe tana nema, har na so in ƙwace.

“Ina ɗan'uwana?”

Ba da faɗa ba. Kamar mai tambayar inda aka ajiye ludayi.

Baffa ya ce wannan katakon bai san ka ba, ƙarfe kuwa ba ya shan gumi. Ya ce shi ba zai tsaya gaban sandunan kakanni a ɗakin tsafi ya ce abin da hancinsa bai ji ba. Zai gaya wa dattawa, su yanke yadda suka ga dama. Ya tambayi tsofaffin guntayen. Na gaya masa. Bai zage ni ba. Da ya zage ni…

Tsanin ya motsa ɗazu, Beyuo ya leƙo da ƙwaryar burkutu, yana cewa ashe taubashi bawansa ne na gaske, tun ba a ba shi kaya ba har an yi masa kwalliya, saura in wanke masa keken. Ya ga fuskata. Ya ajiye ƙwaryar a bakin soro. Ya ce in an ba shi zai riƙe ta shekara don idon mutane, sannan ya aiko mini. Me zai yi da ita, ya kori kaji? Na ci gaba da juya ta a cinyata. Ya sauka a hankali, tsani bai yi ƙara ba.

Yana da kirki. Kullum yana da kirki, shi ya sa ka fi sakewa da shi. Amma me zai aiko? Ko dattawa su ce tawa ce, ko su ce tasa, me ke cikin ƙyallen? Ƙarfen Faransawa da katakon Zumana. Aikina. Hannuna kaɗai ta sani, shi ma da magagari a tsakani.

Nan ne, daidai nan, kusa da indararo. A lokacin ban kai tsawon kwarinka ba. Ka ce zo. Ka sa ta a hannuna, ta rinjaye ni, sai ka rufe hannuna da naka. Tafinka kamar ɓawon kuka, da zafi. Babban yatsana ya faɗa cikin ramin nan kamar ƙafar yaro a takalmin babba. Ka ce saura, za ka cika shi. Shi ke nan. Ka karɓe, ka ce in je in duba awaki. Ba ka sake riƙe hannuna ba, ba a hanyar makaranta ba, ba ranar aurena ba. Ba kai ne mai taɓa mutane ba. Ita kake taɓawa.

Da na gwada. Kafin in ce zubar, da na sa yatsana sau ɗaya in ga ko na cika shi. Yana kan benci, a gabana, tsawon yini…

In fasa wannan? In tsaga shi daga sama har zobe, in shafa man kaɗe da toka da taba, in ci rami da magagari? Na iya. Wallahi na iya, ba wanda zai gane daga nesa. Sai dai Gwaggo ta riga ta taɓa. Kuma rami nawa zan ci, zurfin wa? Ban auna ba. Duk aune-aunen da na yi, shi kaɗai ban auna ba.

Balafon ya dawo. Waƙar fito da kaya ce.

Wani abu na sukana a cinya, cikin aljihu… wayar. Tun Bobo take nan. Ban ajiye ta don kai ba, kada in yi maka ƙarya. Makaniki ba ya zubar da waya, wata rana za a ɗaure salansar mota. Ga ta. Ba ta warware ba. Tana nan a dunƙule yadda ka naɗe ta, da siffar tsohon mariƙin, ta ɗan lotsa a gefen hagu inda… Ta yi kore a inda fata ke taɓawa. Cikinta babu komai. Ina hango ƙofar gida ta tsakiyarta, da tabarma, da ƙafafun dattawa.

Tagulla ƙarfe ce. Ƙarfe ba ya shan gumi, in ji Baffa. To wannan koren mene ne? In na sauka da ita, wane gefen tabarma za a ajiye ta? Ko in yi shiru, in bar ta a aljihu, in zama wanda ya saci kayan mamaci kafin rabo…

Suna kira. Dabuo, Dabuo. Libarba a hannun dama, sumul, ba ta da nauyin kowa. Wayar a hagu. Na ɗora babban yatsana a kan lotsawar, a hankali, kada ta lanƙwashe, kada in ɓata wannan ma…

Bai cika ba, Baba. Ko kuwa ni ne na kasa dannawa.